Shatin Hula a Goshi

Ranar da Auta ta fara ganinsa a makarantar koyon walda, hularsa mai baƙin gilashi na rataye a ƙusa, shi kuwa yana haɗa ƙarfe da ido tsirara, sai ƙifce-ƙifce yake. Tartsatsi ake ce masa.

"Malam, kana da wasu idanun a ajiye ne?"

Ya yi dariya. "Hular nan kurkuku ce. Ina sa ta numfashina ke ɗaukewa."

Haushi ya kama ta, so kuma ya biyo baya ba sallama. Ga shi a gida Babanta na zaune cikin duhu, wutar walda ta cinye masa gani. Ita ke ja masa sanda, ita ke miƙa masa buta. Don kada shagonsa ya mutu ya bar ta ta koyi sana'ar, amma ya rantse ba zai ba mai walda 'yarsa ba. Daga ɗakin Baba sai makaranta, ko'ina ta juya bango take gani.

Wata safiya, bayan sun shaƙu, saƙon Tartsatsi ya shigo: "Sanyin raina, idona kamar an watsa yashi. Ban iya fitowa."

Ta yi kuka son ranta, sannan ta rubuta: "Masoyina, sanda ɗaya nake ja, ba zan ja biyu ba. Ko ka sa hula, ko ka manta da ni."

Da ya warke ya kifa hular a kai, gumi har wuya.

"Auta, na shaƙe!"

"Ina gefenka. Ja numfashi, matsoraci."

Kullum haka, har damina ta wuce.

Da Tartsatsi ya zo gaisuwa gidansu, Baba ya ce, "Matso, yaro." Ya lalubi fuskarsa. Auta ta san abin da yake nema, wato saɓar fata irin ta masu walda ba kariya. Yatsun suka tsaya a goshi, inda maɗaurin hula ya bar shati.

Baba ya sauke hannunsa.

"Da ina da wannan shatin, da na ga fuskarki ranar aurenki, Auta." Ya share ido. "Turo manyanka."

Ranar ɗaurin aure Baba ya sake shafa goshin ango kafin ya ɗaga hannu. "Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya bar maka idonka ka riƙa kallon mini ita."