Sunan da Bai Fito Ba

A ɗakin shan shayi na sashen binciken teku suka fara haɗuwa, cikin watan Fabrairu, lokacin da ruwa ke zuba a Townsville kamar da bakin ƙwarya, kowa a jami'ar kuma ya duƙufa rubuta neman tallafi. Nerida Zammit na tsaye tana cin taliya a cikin kofin roba, idanunta sun yi ja, sai ga wani dogo ya shigo da takalman roba, laka har gwiwa.

"Wannan ce abincin ranarki?" ya tambaye ta.

"Ita ce ta safe ma."

"Ashe ke ma tallafin Hukuma kike nema. Sannu, abokiyar gaba. Sunana Rowan Keogh, mai binciken ƙaguwa."

"Nerida, mai ciyawar ƙarƙashin teku. Kuma kana ɓata mana daɓe."

Ya kalli ƙafafunsa, ya yi dariya, ya zaro ayaba daga aljihu ya ajiye mata. Ta so ta ƙi, amma yunwa ba ta san jan aji ba.

Abu ɗaya suke nema su biyun: tallafin shekara uku da hukumar bincike ta ƙasa ke bai wa matasan masana, albashi da kuɗin aiki. Masu nema tuli, masu samu 'yan tsiraru. Wanda ya rasa, kwantiraginsa na ƙarewa a Disamba ya haɗa kayansa ya nemi wata ƙasa. Nerida na da sauran dama. Rowan kuwa wannan ce ta ƙarshe, don ya kusa wuce shekarun da ake ɗaukar mutum a matsayin matashin masani.

Duk da haka suka fara musayar rubutu, tana gyara nasa yana gyara nata. Kafin damina ta ɗauke, saƙonnin sun daina zama na aiki.

"Dokta Ciyawa, kin shafa man rana kafin ki shiga jirgin ruwa? Jiya hancinki ya yi kamar dafaffiyar ƙaguwa."

"Na shafa, Sarkin Laka. Kai ka ci wani abu ban da kofi?"

"Na ci. Amma ba ya daɗi idan babu mai yi min faɗa."

Hutun Ista ta kai shi gida, gonar rake ta mahaifinta a wajen Mackay. Mahaifiyarta, Mama Carmen, ta cika tebur da gasasshen zomo da dankali. Da aka kusa gama ci, mahaifinta Baba Salvu ya dubi Rowan.

"Yaro, wa ke biyanka?"

"Jami'a, Baba. Har Disamba."

"Bayan Disamba fa?"

"Idan Hukuma ta amince da bincikena..."

"Idan." Tsohon ya ajiye cokali. "Na san idan. Raken nan duk shekara da idan nake shuka shi, idan ruwa, idan farashi. Amma ƙasar tawa ce, ba mai korata. Kai mene ne naka? Ga Declan ɗan gidan Vella, injiniya a ramin kwal, ya yi gida ya sayi jirgin kamun kifi, kullum yana tambayarta."

"Baba, Declan ba ya iya hira sai ta tayar mota," in ji Nerida.

"Tayar mota tana kai yara makaranta."

A hanyar komawa Rowan ne ke tuƙi. Sai da suka yi nisa ya ce, "Bai yi ƙarya ba, Neri. Bari sakamako ya fito. Idan sunana ya fito, zan koma masa da maganar da ta dace."

Cikin sanyin Yuni, lokacin hunturun ƙasar, bayanan masu tantancewa suka iso, waɗannan malaman da ba a sanar da kai ko su wane ne ba, kuma mako guda ake ba mutum ya mayar da martani. Ɗaya daga cikinsu ya yi wa aikin Nerida kaca-kaca, ya ce babu sabon abu a ciki. Ta kifa kai a tebur ta ce ta haƙura. Rowan ya jawo kujera. Duk makon nan yana gefenta, yana tono mata hujjoji, yana goge duk inda fushinta ya fito.

"Naka fa?" ta tambaye shi ranar rufewa.

"Na gama tuni."

Daga baya ta ji daga bakin abokin ofishinsa cewa da safiyar ranar ya rubuta nasa, a tsaitsaye.

Sai jira. Babu mai sanin ranar da minista zai sa hannu a fitar da sakamakon. Mutane suka riƙa yawo a sashen kamar masu jinya, kowa ido a waya. Mai gidan hayar Rowan ya tambaye shi ko zai sabunta, ya ce a ba shi lokaci.

Nerida na bakin teku, ruwa ya janye, tana auna ciyawa, wayarta ta fara ruri. Ta goge hannu a wando ta buɗe sunayen waɗanda suka samu tallafin. Da yake an jera su bisa haruffa, sai da ta wuce inda Keogh zai kasance kafin ta kai ga Zammit. Babu shi. Lokacin da ta ga nata sunan, hawaye sun riga sun rufe mata ido, ta zauna cikin laka da kayanta.

Saƙonsa ya shigo:

"Barka, Dokta Ciyawa. Kin cancanta, ba wanda ya yi miki alfarma. Kada ki yi kuka saboda ni. Ki je ki ci abinci mai kyau."

An yanka mata kek a sashen. Rowan ya zo ya tafa tare da kowa, ya fita. Daga nan ya rage kira. Ya ce wata jami'a a Norway ta ba shi kwantiragin shekara ɗaya, sai ya tafi ko ya bar bincike.

Ta same shi a bakin ƙorama cikin itatuwan gaɓa, yana buɗe bokitai yana sakin ƙaguwoyin da ya yi shekaru yana bibiya.

"Na samo mafita," ta ce da sauri. "A cikin tallafina akwai gurbin mataimaki. Babu wanda ya fi ka sanin gaɓar nan. Ka nema."

"Kin san ƙa'ida. Ba a yarda mace ta ɗauki mijinta ko saurayinta aiki a ƙarƙashinta ba."

"Na sani. Sai mu ce mun rabu. Shekara uku ce kawai, Rowan. Mu daina fita tare, mu jingine maganar aure, kai kuma ka ci gaba da aikinka."

Ya kalli bokitin da ke hannunsa.

"Wato in zo da safe in ce ina kwana, Dokta Zammit. In ga wani ya riƙe miki kujera a wajen taro in kawar da kai. Ranar da aka gano kuma a ƙwace tallafin, sunanki ya ɓaci." Ya juye bokitin. "Na zaci wani abu za ki ce min da kika biyo ni har nan. Na gode da aikin."

Ya ɗauki kayansa ya bar ta tsaye, sauro na cizonta ba ta ko kora ba.

Kirsimeti ta zo mata a gidan iyayenta kamar zaman makoki. Declan ya kawo jatan lande cike da kwali, ya zauna kusa da ita yana ba ta labarin sabuwar motarsa. Baba Salvu sai fara'a yake. Ta tura wa Rowan saƙo, ta ga ya karanta, bai amsa ba. Wata ƙanwarta kuma ta saka hoton teburin a waya, ga Declan kafaɗa da kafaɗa da ita. Bayan nan ne amsa ta zo.

"Na ga hoton. Babanki ya fi mu gani. Jirgina farkon shekara ne. Allah ya ba ki zaman lafiya, Neri."

Mama Carmen ta iske ta a kicin tana wanke faranti ɗaya ba ta daina ba. Ta karɓe farantin, ta sa ta faɗi komai.

"Ke dai ba ki da wayo," in ji uwar a hankali. "Yaro ya rasa aikinsa, yana tsoron ke ma ya rasa ki, sai kika je kika ce masa ga aiki amma ban da ke. Me kike so ya ji?"

"Don kada ya bar abin da yake so ne, Mama. Saboda ni ya faɗi."

"To ki bar shi ya zaɓa da kansa. Amma ki faɗa masa abin da ke kan tebur duka. Ɗauki makullin motata, ki tafi da ragowar naman nan, na san bai ci komai ba."

Nerida ta iske ɗakin Rowan cike da kwalaye, yana naɗe kofuna da jarida. Ya rame. Ta ajiye kwanon a kan kwali.

"Declan baƙon Baba ne, ba nawa ba. Maganar aikin nan kuma na janye ta, kuskure na yi. Ba ni da abin da zan ba ka a bincike, Rowan. Idan ka tafi Norway ba zan ga laifinka ba, zan jira, ko da shekara ɗayar ta zama biyar. Idan ka zauna, babu ƙaguwa, babu ofis. Ni kaɗai ce, a bainar jama'a, da zobe."

Ya zauna a kan kwali, ya rufe fuska da hannu. Da ya ɗago idanunsa sun kaɗa.

"Na yi ta lissafi. Bayan Norway sai wata ƙasar, bayan ita sai wata, kullum ina jiran wani ya sa hannu. Na gaji, Neri. Zai yi min ciwo, kada ki zaci ba zai yi ba. Wata rana za ki dawo daga teku kina ba ni labari in ji kamar in fita waje."

"Sai ka fita, ka dawo. Zan ajiye maka abinci."

"Akwai makarantar sakandare da ke neman malamin kimiyya. Sun ce zan iya yin kwas ina aiki." Ya yi ɗan murmushi. "Dokta Ciyawa, za ki auri malamin makaranta?"

"Ko da laka har gwiwa."

Baba Salvu ya saurari labarin yana jingine da tarakta. Ya tambaya ko makarantar na rufewa a Disamba ta ƙi buɗewa. Aka ce masa tana buɗewa. Sai ya ce, "Mutumin da ya bar gonarsa saboda 'yata ba zan kira shi mara komai ba. Ku sa rana kafin yankan rake."

A watan Mayu aka ɗaura auren a ƙaramin cocin ƙauyen, aka yi walima a rumfar ajiye taraktoci. Mutanen sashen sun zo, kaɗan daga cikinsu sun samu tallafi, sauran na neman inda za su nufa, duk suka yi rawa tare. Ana cikin hidima wani tsohon abokin aikin Rowan ya fara ba shi labarin sabon binciken ƙaguwa da aka ba wasu. Nerida ta ga yadda fuskarsa ta canja, ta matso ta riƙe hannunsa. Ya matse nata, ya saurari labarin har ƙarshe.

Mama Carmen ta ɗora hannu a kansu su biyu.

"Allah ya sa abin da aka rasa ya zama sanadin alheri. Ya ba ku haƙurin juna ranar da ciwon ya motsa, ya ba ku zuriya mai albarka, ya sa ku tsufa a gida ɗaya."

Duk rumfar ta amsa da amin.