Ƙurar Fure a Rigar Marash

Ba dangin mamacin ne suka kira 'yan sanda ba. A duwatsunmu na arewacin Albaniya ba a yin haka. Fadan cocin ƙauyen Lugmal ne ya buga waya ofishinsu na birnin Shkodra da hantsi, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"An harbe Marash Gjeka jiya da safe a gona. Yau da la'asar za a binne shi. 'Yan'uwansa sun ce Lulash Pepa ne, sun ba shi besa har a rufe kabari. Daga nan sai abin da Allah ya yi."

Sufeto Ndrek Vata ɗan dutse ne, ba sai an yi masa fassara ba. Besa alkawari ne cewa ba za a taɓa mutum ba har zuwa wani lokaci, kuma ba a karya shi. Amma da an zuba ƙasar ƙarshe, Lulash ya zama abin farauta. Sufeto ya ɗauki makullin mota, ya kira Saje Ilir, ɗan birni mai tsoron hawa.

A gidan makoki maza sun cika tsakar gida, ana zagawa da kofi da giyar raki. An riga an wanke gawar an saka a akwati, duk abin da likita zai duba ya bi ruwa. Rigar mamacin kaɗai ta rage, an rataye ta a baranda da jininta, don kada mai ɗaukar fansa ya yi mantuwa.

Deda, babban wan mamacin, shi ya tare su. Prenk, autan gidan, yana zaune a dakali yana goge bindiga, ko kallonsu bai yi ba.

"Me kuka shuka a gonar?" in ji Sufeto.

"Wake," in ji Deda.

"Wake a tsakiyar daji, inda ko jaki sai ya yi addu'a kafin ya hau? Deda, ban zo neman wiwi ba yau. Me ya haɗa Marash da Lulash?"

Prenk ya ɗago. "Ya kashe mana shekara guda, Yallaɓai! Ya bar mazan wiwi a gonarsa, iska ta kwaso garin furensu ta zuba mana. Matan wiwinmu duk sun cika da 'ya'ya, babu mai sayen wannan. Yaya Marash ya zage shi a bakin coci gaban kowa. Ga sakamakon nan a rataye."

Wannan ko yaro ya sani a wajenmu: wiwi tana da mace da namiji, kan macen ake so, namiji kuwa tuge shi ake yi kafin ya buɗe fure. Wanda ya bar nasa ya cuci maƙwabci.

Sufeto ya matsa kusa da rigar. Daga ƙirji zuwa hannuwa duk wata ƙura ce rawaya, mai laushi kamar garin masara. Ya shafa, ya murza a yatsa.

"Wa ya fara ganin gawar?"

"Ni," in ji Deda. "Kwance rigingine, bindigarsa a gefen kansa, kamar yadda al'ada ta ce wanda ya yi kisa ya bar mutum."

"Akwai wani abu a hannunsa?"

"Babu."

Hawan ya kusa kashe Saje Ilir. Gonar tana kan tudun gwamnati, a ƙasar da ba ta kowa ba, don in an kama babu mai ita. Tiyo baƙi ya gangaro daga idon ruwa, tsirran wiwin sun fi mutum tsawo, warinsu ya cika hanci. Can ƙasa, bayan wani kwazazzabo, ana hango ta Lulash.

Sufeto ya fara daga ƙasa, yana matsa kawunan da yatsa. A gefen da ke fuskantar gonar Lulash da ƙyar ya sami ƙwaya. Yana yin sama suna yawaita. Da ya isa layin ƙarshe, kowane kai ya matsa sai 'ya'ya su zubo masa a tafin hannu.

"Saje, in hayaƙi ya shigo maka daga gidan maƙwabci, wane bango ne zai fara baƙi?"

"Na kusa da shi, Yallaɓai."

"To a nan na nesa ne ya yi."

Bayan wani ƙaton dutse kusa da idon ruwan suka sami wani ɗan fili a ɓoye. Ramuka ne sababbi, ƙasarsu ba ta bushe ba, ga jini a kan ciyawa. An tuge wasu tsirrai a nan, amma babu ko kara ɗaya a wurin. Sufeto ya dubi rana, ta riga ta karkata. Lokacin binnewa ya matso.

Gidan Lulash a kulle yake, an rufe tagogi da katako. Matarsa Pashke ce ta buɗe. Lulash yana zaune a lungu, mutum ƙato ya koma kamar tsumma.

"Ni ba ni da gona a tudu," ya ce. "Ban san ma hanyar ba."

"Yatsunka sun yi baƙi da danƙon wiwi, suna manne wa kofi, kana ce mini ba ka san hanya ba?"

"Kai dai ka ji kunya!" in ji Pashke. "Tsoron kurkuku kake, ga kabari a bakin ƙofa? Yallaɓai, yana da gona. Amma dashe ya sayo, duk mata. Wannan ko namiji ya tsaya gabansa da gashin baki ba zai gane shi ba, shi ya sa ba ya shuka iri."

"Ina kake jiya da safe?"

"A kasuwar Koplik, na kai cuku," in ji Lulash. "Rabin gari sun gan ni. Amma wa zai je ya faɗa wa Prenk haka? Kowa na tsoron shiga tsakani."

"A gidan Gjeka, wa ke bin layi yana cire maza?"

"Deda mana," in ji Pashke. "Idonsa kamar na shaho. Marash ke sayo iri, shi ke magana da masu saye, shi ke yanke komai. Deda kuwa, babba da shi, sai tuge-tuge da kiwon awaki."

Sufeto bai koma ta ƙofar gidan makoki ba. Ya zaga ta baya, inda garken Deda yake. Watan Agusta ne, ciyawa ta ƙone a ko'ina, amma awakin suna ta tuƙa. A cikin komin akwai karare dogaye da saiwarsu da ƙasa, an cinye ganyen, sauran ƙananan furanni na reto. Ya girgiza ɗaya, ƙura rawaya ta sauka a kan takalminsa.

Ƙararrawar coci ta fara kaɗawa.

An fito da akwatin tsakar gida. Tsohuwa Drane, uwarsu, tana tsaye a kansa cikin baƙaƙen kaya. Prenk ya rataya bindiga a kafaɗa, don daga maƙabarta ba gida zai dawo ba. Sufeto ya ratsa mutane ya ajiye kararen a gaban Deda.

"Marash ya rungumo waɗannan mazan wiwin lokacin da aka harbe shi, ga ƙurarsu can a rigarsa. Ba daga gonar Lulash suka fito ba, daga bayan dutsen idon ruwanku ne. Wanda ya harbe shi ya kwashe su. Da ɗan birni ne, da ya wurga su kwazazzabo an wuce wurin. Amma makiyayi ba ya iya zubar da ɗanyen ganye a watan Agusta."

Prenk ya juya wajen Deda.

"Yaya," in ji Prenk, "ka ce ƙarya yake yi."

Deda ya daɗe yana kallon kararen. "Iri nake so," ya ce. "Irina na kaina, in yi tawa gonar baɗi, in daina zama yaron ƙanena. Shi ya sa na bar mazan, na ɗauka dutsen zai tare iska. Da ya gano su sai ya tuge, ya ce zai kawo su nan ya zube gaban Inna da kowa, a ga abin da babban banza ya yi. Ya juya baya yana dariya. Ban san lokacin da na ɗaga bindiga ba."

"Kuma ka zauna kana kallona ina goge bindiga?" in ji Prenk. "Da ka bar ni na kashe Lulash, na ruɓe a kurkuku?"

Prenk ya sauke bindigar a hankali, ya jingina ta da bango, ya rufe fuska da hannu.

Saje Ilir ya fito da ankwa. Deda ya dubi Sufeto. "Ka bari in ɗauki gefena na akwatin zuwa coci, sannan ka tafi da ni."

Sufeto ya dubi tsohuwar, don ba shi ke da wannan hukuncin ba.

"Hannunka ba zai taɓa shi ba," in ji Drane. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi hawaye ba. "Ku tafi da shi."

Ankwa ta yi ƙara. Aka wuce da Deda ta tsakiyar maza, kowa ya kawar da kai.

Masu ɗauka suka sunkuya, sai suka tsaya, gefe ɗaya babu kowa. Tsohuwar ta juya wajen Fada.

"A je a ƙwanƙwasa wa Lulash," ta ce. "A ce masa ya cire katakon tagoginsa, ya zo ya ɗaukar mini ɗana."