Ranar da Sharfuddeen Ya Zama Arne

Ma'u ta rasa gona, ta samu suruki. Ga yadda cinikin ya kasance.

Tun mutuwar mijinta ita ke noman gonar da ya bari kusa da Abu Na'ama a ƙasar Sudan, ita ke kai albasa kasuwa, kuma ba a taɓa jin wanda ya kwance mata zani a ciniki ba. Amma ran nan da hantsi ta tarar da ɗiyarta Ilham kwance, wainar kisra ta jiya na gefenta ko taɓawa ba ta yi ba. Kwana shida ke nan tana ƙin abinci.

"Tashi ki ci, don Allah! Kashe ni za ki yi?"

"Yumma, Baffa ya ce khalas, an gama magana, ba ya ɗaura mini aure da ɗan arna." Ilham ta fashe da kuka. "Sharfuddeen ya turo mesej, gobe zai shiga bas zuwa birnin Wad Madani, wai kada ya raba ni da dangina. In ya tafi, wallahi ni ma ba zan daɗe ba!"

Sharfuddeen mai gyaran injin ban ruwa ne, daga duwatsun kudu ya zo. Ubansa ba ya salla, akuya yake yanka wa kakanni a gindin dutse, shi ko tun yana yaro ya musulunta. Baffa Ƙasimu kuwa ƙanen marigayi ne, shi ne waliyyi. In bai buɗe baki ba, babu aure.

Ma'u ta figi mayafi, ta same shi ƙofar gida yana shan gahawa.

"Ƙasimu, yaushe yaron nan ya zama arne?"

"Arne aka haife shi. Alwala ba ta wanke jini."

"Bara da injinka ya mutu, albasarka na ƙonewa, mi ka kira shi? Ɗan'uwa ka ce! Da azumi liman na kwance asibiti, wa ya ja muku asham? Kai ne a sahun farko! To ko ka rama sallar wata guda, ko ka janye kalmar nan."

"Ke da ko alif ba ki sani ba za ki koya mini addini?"

"Ban san alif ba, amma na san sikeli. Kakata ta ce can gida, ƙasar Hausa, an kira nasu arna suna tsaka da salla, don a kwashe musu hatsi. Mai cewa arne, duba hannunsa, akwai abin da yake son ɗauka. Kai mi kake so?"

Ƙasimu ya ajiye kofi, ya kau da kai.

"Ƙasar yayana ba za ta faɗa hannun baƙo ba."

Ashe nan gizo ke saƙa! Rabonsa na gado ya daɗe da karɓa, sauran yake hange.

"Rubu'in gonar zan ba ka," in ji Ma'u.

"Duka."

"Ka ji tsoron Allah! Mi zan ci? Ɗiyar yayanka ce fa, ƙashin wuyanta duk ya fito!"

"Duka, ko yaro ya hau bas."

Matar da ba ta taɓa roƙon kowa ba ta durƙusa a ƙasa, hawaye na zuba, amma bakinta bai daina ciniki ba har aka kira azahar.

Ranar Juma'a aka ɗaura aure. Tsohon Sharfuddeen ya sauko daga dutse riƙe da akuya, ya zauna ƙarƙashin darbejiya. Ma'u ta kai masa tuwo da hannunta, ta tambayi sunansa, da shi take kiransa har yau. Ilham ta murmure. Surukin ya kama gefen gonar da ya rage, mai nisa da ruwa, ya ja masa bututu har ya yi kore shar. Mai haƙuri ya kan dafa dutse, kuma wanda ya liƙa wa mutum suna don ya ƙwace abinsa, ba addini yake karewa ba, cikinsa yake karewa.

Matan kasuwa suka sa ta gaba da tsiya: "Ma'u mai taurin ciniki, a nawa aka kayar da ke?"

Ta gyara zama, ta ce, "Rabin gona na ba shi, gefen ruwa. Shi kuma ya tsaya ƙofar masallaci, gaban kowa, ya ce da bakinsa yaron nan Musulmi ne, ƙarya ya yi masa. Da tsada, amma ba a cuce ni ba."