Baƙuwa a Jikin Ɗanta

Wayar ta yi ƙara a kicin. Ta kashe ta, ta zazzago ƙwayoyi biyu a tafin hannu, ta ɗauki kofin ruwa ta nufi falo. Safe da yamma haka take, lokaci ba ya gocewa, shi ya sa dangin mijinta suka laƙa mata suna Agogo. Da can da dariya ake faɗa, yanzu kuwa har da taɓe baki.

Mijin tela ne. Bara ƙodarsa ta lalace, mahaifiyarsa Inna ta ba shi tata guda aka dasa masa. Ranar sallama daga asibiti, Agogo likita ta damƙa wa maganin, ta ce shi ke kwantar da garkuwar jiki don kada ta yaƙi sabuwar ƙodar. Ba a ragewa, ba a ƙarawa, sai abin da gwajin jini ya nuna.

Ta same shi a bakin keken ɗinki yana fama da zare da allura, hannun sai rawa yake. Inna na gefe ta zuba masa ido.

"Kin gani ko?" in ji Inna. "Mai zura zare ido rufe, yau dubi yadda ƙwayarki ta mai da shi."

"Inna, likita ta ce rawar za ta ragu. In ya daina sha, jikinsa zai ɗauki ƙodar a matsayin baƙuwa, ya kore ta."

Tsohuwar ta dafa gefen cikinta, daidai inda aka yanka.

"Ni ce baƙuwar? Wata tara yana kwance a cikina, ban sha ƙwaya ko ɗaya ba, jikina bai kore shi ba. Shi ne nasa zai kori nawa?"

Wallahi ba mugunta ba ce, ciwo maganar ta yi mata. Amma daga ranar aka juya wa Agogo baya. Da ma ta taɓa mayar da yayar mijin daga bakin ƙofa saboda ta zo da mura, sai abin ya haɗu. In ta gaishe su a amsa da ka, in ta kira a waya ba a ɗauka. Iyayenta suna nesa, ƙawaye kuwa ita ta hana su zuwa don kare lafiyarsa. Takan zauna a kicin ita kaɗai tana jin hirarsu daga falo, da ta shigo a yi tsit.

Abin da ya fi ƙona mata rai bai wuce ranar da tela ya karɓe gwangwanin maganin ba.

"Ki huta, zan riƙa sha da kaina."

"Na taɓa ce maka na gaji?"

"Ni na gaji, ai ba yaro ba ne ni." Bai ko kalle ta ba.

Wayar ta ci gaba da ƙara safe da yamma. Agogo ta leƙa ta ce lokaci ya yi, ya ce ya sha. Hannun ya daina rawa, keke ya dawo da kuka, Inna ta yi ta godiya ga Allah. Agogo ce kaɗai ba ta yi murna ba, ba ta kuma da wanda za ta faɗa wa tsoronta.

Ba a jima ba ƙafafunsa suka kumbura, zazzaɓi ya rufe shi, aka kwantar da shi a asibiti. Yayarsa ta ce a gaban mutane, "Ga aikin Agogo nan." Agogo ta koma gida ɗauko masa kaya, ta jawo durowar keke tana neman cajar wayarsa, sai ga ƙwayoyin nan birjik cikin maɓallai. Ɗaya yake sha, ya jefa ɗaya. Nan ta durƙusa ta yi kuka mai isarta, sannan ta tsince su a hankici. Ta ƙudura ba za ta tona masa asiri a gaban danginsa ba.

Da ta dawo ta tarar da likita a kansa, Inna na tsaye.

"Jikinsa ya fara yaƙar ƙodar, maganin ya yi ƙasa ƙwarai a jininsa," in ji likita. "In duka yake sha, dole in ƙara masa. In kuwa ba ya sha na ƙara, ranar da ya shanye duka zai yi masa yawa, shi ma ya lalata ƙodar. Ku gaya min gaskiya."

Tela ya juya fuska bango. Agogo ta jira shi ya yi magana, ya ƙi. Sai ta kwance hankicin a kan gado.

Ya fashe da kuka. "Ba laifinta. Ni ne, na so in koma ɗinki."

"Ni na ce ya rage," in ji Inna. "Likita, ashe da gaske jikinsa bai san ni ba?"

"Zuciyarsa ta san ki, Inna. Garkuwar jiki ce ba ta san uwa ba."

Allah ya sa an tari abin da wuri, ƙodar ta tsira. Tela ya mayar wa matarsa gwangwanin da hannu biyu, ya ce, "Ki yafe min, na bar ki ke kaɗai." Yayarsa ma ta zo, kunya ta hana ta ɗaga ido.

Mai ƙaunarka ba lallai ya faɗi abin da kake son ji ba, kuma wanda ya yi haƙuri a kan gaskiya Allah ba ya barin sa ya ji kunya.

Ranar da suka koma gida wayar ta yi ƙara da yamma. Kafin Agogo ta miƙe, sai ga Inna ta shigo kicin, karo na farko, da kofin ruwa a hannu.

"Tashi, 'yata, lokaci ya yi. Tunda baƙuwa ce ni a jikinsa, ke za ki riƙa roƙa min wurin kwana."