Sunan Da Ya Tafi Laberiya

"Wace ce matar Ya'u Labaran?"

Sojan na tsaye a zaure, akwatin ƙarfe a gabansa. Daga bayan labule Sailuba ta kasa kunne.

"Ya rasu a Laberiya. Allah ya jiƙansa."

Ya'u kuwa ga shi zaune a tabarma, da ransa, goro a bakinsa. Wanda ya tafi yaƙin ƙanensa ne, Mika'ilu, mijin Sailuba. Da takardar firamaren yayansa ya shiga soja, hukuma ba ta san shi da wani suna ba sai Ya'u.

Sailuba ta buɗe baki za ta ce ni ce, surukarta ta toshe mata shi da tafin hannu.

"Ki rufa mana asiri, 'yata! In suka gane, gidan yari za su kai Ya'u."

Hajo, matar Ya'u ta gaskiya, ita ta gyara mayafi ta fita da kukanta. Ita ta dangwala yatsa a takarda, ita aka miƙa wa akwatin.

Sailuba ta tuna ranar rabuwarsu da Mika'ilu a Ƙofar Doka. Babanta ya rantse ba zai ba soja 'yarsa ba, sai da ta yi wata uku tana rama kafin ya haƙura.

"Sailu tawa, me zan kawo miki?"

"Kanka."

"Ban da shi."

"To... ruwan teku. An ce ba ya shayuwa. Ina so in ɗanɗana."

Bayan sadakar uku ta shiga ɗakin Hajo.

"Yaya, ba na son komai. Akwai kwalba a cikin akwatin?"

"Au, wannan ruwan gishirin? Na zubar. Na zuba kananzir."

"Nawa ne... ni ya ɗebo wa!"

"Da sunan wa ya zo? Je ki faɗa a bariki mana!"

Sailuba ta yi takabarta a ɓoye a ƙuryar ɗaki. Ko liman da zai yi addu'a, sai da aka ja ƙofar zaure.

Da ƙidayar jama'a ta zo, aka hana kowa fita. Malamin ƙidaya ya zauna da tawadarsa, ya dubi Ya'u.

"Sunanka, Malam?"

A takardar gwamnati Ya'u matacce ne.

"Mika'ilu Labaran."

"Matarka?"

"Hajo."

Aka shafa masa tawada a babban yatsa. Sailuba na kallo.

"Ke fa, Malama? Da aure?"

"Mijina ya rasu."

"Allah ya jiƙansa. Wane ne?"

Surukarta ta ƙura mata ido. Sailuba ta dubi yatsan Ya'u, sunan masoyinta na bushewa a kai.

"Ba shi da suna," ta ce. "Sun karɓe."