Baƙin Rawanin da Hamdiya Ta Sayo

An ɗaura auren Hamdiya da Aƙilu ranar Juma'a a Buza, babu kiɗa, babu guɗa. Uwar ango ba ta zo ba.

Wata huɗu kafin nan, ƙungiyoyi biyu masu bindiga suna ƙwace wa juna hanyar ƙauyensu, kowacce na cewa ita ce a kan addini. Ɗaya baƙin rawani take naɗawa, ɗaya mai ruwan ƙasa. Mata a bakin rijiya suka ce masu baƙi ne ke tsare da hanya, kuma ba sa taɓa mai shiga irin tasu.

Aƙilu zai kai albasa Madawa. Hamdiya ta sayo baƙin rawani, ta miƙa masa a ƙofar gida.

"Naɗa shi, masoyi. Don Allah."

"Ni da rawani? Sai a ce sabon liman!"

"Ba wasa nike ba, Aƙilu..."

Ya karɓa. Amma wansa Muntari ne zai ja moto, wato babur, kuma Aƙilu ya ji kunyar naɗa kyautar budurwa a gaban babban wa. Ya cusa shi a aljihu. Muntari ya hango, ya zaro, ya yi dariya.

"Kyautar ƙanwata ce? Kawo, na fi ka kan rawani."

Ba wanda ya san hanyar ta sauya hannu da safiyar nan. Masu ruwan ƙasa suka tare su a wani kwari, suka dubi kan Muntari, suka sauke shi. Aƙilu aka ce ya ja moto ya tafi.

Ƙauyen ya watse zuwa Buza. Inna Kulu, uwarsu, ta ce ba za a kawo mata wadda ta sayo rawanin nan ba. Hamdiya ta mayar da kayan baiko da kanta.

Bayan wata uku Aƙilu ya dawo da su.

"Tahi da su," ta ce. "Ni na sawo rawanin nan."

"Ni ya kamata in naɗa."

"Da kai za su ɗauka!"

"Na sani."

Ta dubi ƙasa. Akwai abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

"Ranar da na gan ka kai kaɗai... murna na yi. Allah ya yafe mini, murna na yi kafin in tambayi ina Yaya."

"Ni ma da suka ce in tahi, ban waiwaya ba." Ya ajiye kayan a gabanta. "Hamdiya, wa zai iya zama da ni in ba ke ba?"

Kwana uku bayan auren ta je ta durƙusa gaban Inna Kulu. Tsohuwar ba ta amsa gaisuwa ba. Can ta turo mata mara.

"Kwashe tuwon. Ki ajiye na Muntari."

Ta ajiye, ta rufe da faifai.

Har yau ba a ga gawarsa ba, ba a kuma ji muryarsa ba.