Hannun da Auta Ta Gyara

Hannunsa ta fara gani kafin fuskarsa. Auta na tsaye a ƙofar ɗakin injuna, rungume da littafin zanenta, kwana ɗaya da saukarta a babban birni, sai wani ya miƙo mata audugar toshe kunne. Hannun dama ne. Babban yatsa da manuni kaɗai suka rage a jikinsa.

"Saka wannan, Malama," ya ɗaga murya don ta ji. "Kurame sun ishe mu a nan."

Ta ɗago kai. Dogo ne, mai saurin murmushi, ya kuma lura da inda idonta ya tsaya.

"Bakwai ake ce min. Kada ki wahalar da kanki da ƙirge, daidai ne."

Kamfanin ƙera tukwane ne ya ɗauko ta daga garinsu na sati uku, ta zana hotunan littafin cikarsa shekara talatin. Aikinta na farko mai girma kenan, kuma da ƙyar Baba ya yarda, sai da Gwaggo ta ce a gidanta za ta sauka. Umarnin Manaja gajere ne: ma'aikata masu fara'a, injuna masu sheƙi.

Injunan datse ƙarfe guda tara ne. Kowanne an sayo shi da murfin kariya, amma murafan suna bayan sito a jibge suna tsatsa, wai suna rage saurin aiki. Kowa ya sani. Idan inji ya ci yatsun mutum sai a ce ƙaddara, a wanke jinin, a sake kunnawa. Ta tambayi mutum biyar dalili, duka biyar suka ce haka suka tarar.

Da hutun rana Bakwai ke zuwa ya zauna a ƙarshen bencinta. Ran Asabar ya kai ta kan gadar sama, ta cika shafi goma da motoci da benaye da masu talla, yana riƙe mata jaka yana gyara mata sunayen tituna. Ba ta taɓa jin hannunta ya sake haka ba.

Ran Litinin da yamma saƙonsa ya shigo: "Fensirina, kin isa gida lafiya? Yau saura kaɗan in koma Shida saboda kallonki."

Ta mayar: "Kada ka ƙara yi min irin wannan wasan. Ka kalli injinka, ni ba inda za ni."

Manaja ya zaɓi Bakwai a bangon littafi, tunda ya fi kowa kyan tsayi. Auta ta saba da aikin zanen mutane: a rage tsufa, a miƙe hanci, a cike giɓin haƙori, mai hoto ya tafi yana godiya. Da ta zo kan hannun sai ta ci gaba da jan fensir. Ta ba shi yatsu biyar, dogaye, masu kyau. Ba wanda ya sa ta.

Manaja ya yi murna har ya yi mata tayin aiki na dindindin, ya fara zuwa gaida Gwaggo a mota. Ya kuma sa aka buga zanen ƙato a bakin get, a ƙasa an rubuta: Shekara talatin cikin aminci. Satin ne masu binciken lafiyar ma'aikata za su zo.

Bakwai ya daina zuwa benci. Saƙo huɗu ta tura, babu amsa. Ta tare shi a wajen famfo yana wanke hannu.

"In motar Manaja ce ta dame ka, ni ko kallonta ban yi ba."

"Mota?" Ya yi dariyar da ba ta kai zuci ba. "Malama, shekara huɗu ina bin ofis-ofis ina cewa injin nan ya cinye min yatsu. Suka ce sakacina ne. Aƙalla sun yarda yatsun sun tafi. Ke da fensir ɗaya kin ce abin bai ma faru ba."

"So na yi in gan ka cikakke."

"Ashe a wurinki ban cika ba."

Ya yarfe ruwan hannunsa ya koma ciki.

Kwana shida suka rage mata. Ta ajiye injuna masu sheƙi, ta bi ma'aikata ɗaya bayan ɗaya tana roƙon su ɗora hannu a kan tebur. Wasu suka ƙi, don suna da iyali. Goma sha tara suka yarda. A ƙarƙashin kowane zane ta rubuta lambar inji da shekara. Bakwai ne na ƙarshe. Ya daɗe tsaye kafin ya ajiye hannun, ita kuma ta zana kowane tabo da ɗinkin da aka yi masa a gaggauce, hawaye na ɗiga mata a gefen takarda.

"Kin ɓata shafin, Fensirina," ya ce a hankali.

"Bar shi haka. Na daina gyara."

Ranar da masu bincike suka zo, suna shan lemo a ofishin Manaja, ta shiga ta shimfiɗa zanen a gabansu. Kafin la'asar an sallame ta, washegari aka sallami Bakwai. Masu binciken suka tafi da takardun, suka yi alkawarin rahoto. Injuna biyu cikin tara aka mayar wa murfi, waɗanda ake iya hange daga ƙofa.

A gida Baba, tsohon malamin makaranta, ya saurari labarin har ƙarshe, har da maganar aurenta da Bakwai.

"Na tura ki aiki kin dawo ba aiki, kin kuma samo miji ba aiki ba hannu. Ga Manaja, mutum mai mutunci, har gaisuwa yake aiko min. Ke kaɗai ce mai ido a birnin? Ban yarda ba."

Wata biyar maganar na nan. Bakwai ya samu aikin tsaron sito a wani wuri. Ya rubuto: "In Baba ya ce a'a, ba zan sa ki saɓa masa ba. Amma ki bari mu zo ya faɗa mana da bakinsa."

Mahaifinsa ya daɗe da rasuwa, don haka abokan aikinsa na dā ne suka rako shi, su takwas, da wani dattijo da suke kira Kawu a gaba. Baba ya fito da niyyar sallamar su cikin mutunci. Ya miƙa wa Kawu hannu, ya ji abin da ya riƙe bai cika tafinsa ba. Ya miƙa wa na biyu. Ya miƙa wa na uku. Kafin ya kai na takwas ya daina amsa gaisuwa.

"Duk a wuri ɗaya?"

"A ɗaki ɗaya, Malam," in ji Kawu. "Ni tun kafin a haifi 'yarka."

"Ba wanda ya yi magana?"

"Ta yi."

Baba ya zauna. Sannan ya ɗaga murya ya ce a kawo wa baƙi ruwa, a kuma kira masa Auta.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Kawu bai samu zuwa ba, yana asibiti wajen wani sabon ma'aikaci da inji na shida ya kama a satin. Da za su tafi, Baba ya riƙe hannun angon da hannayensa biyu, bai yi saurin saki ba.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari, ya tsare ku. Ke kuma Auta, na ce kin yi wauta, na janye. Idan kun koma birnin, ki je asibitin nan da littafinki."